Tsakuwar Ado a Harabar Gida: Kewaye, Shimfiɗa, Raga, Gam ko Siminti, Wanne Ya Fi Riƙe Ta?

Duk wanda ya zuba tsakuwar ado a harabar gidansa, ko a gefen fangalin furanni, ko a kan 'yar hanyar da ta tashi daga get zuwa ƙofar falo, yana da dalilai masu kyau na yin haka. Tana rage ƙura da hunturu, tana hana caɓi da damina, kuma ba ta neman ban-ruwa kullum, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne a garuruwa irin Gusau da Birnin Kebbi inda gidaje da yawa suka dogara da rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa. Aibinta shi ne ba ta zama inda aka ajiye ta. Bayan damina guda mai gida yakan tarar wani kaso ya taru a bakin rariya, wani ya shige cikin fangali, wani kuma ya ɓace ba a ga inda ya bi ba, har ƙasar da aka so a rufe ta fara leƙowa nan da can.

Ta hanya uku tsakuwa take barin wurinta. Tana watsuwa ta gefe idan ƙafa, ko taya, ko tsintsiya, ko kaza ta ture ta. Tana nutsewa idan ƙasar da ke ƙarƙashinta ta jiƙe ta yi laushi. Sannan ruwa mai gudu yana kwashe ta ya tafi da ita. Kowace dabarar da ake tallatawa tana maganin ɗaya ne ko biyu daga cikin ukun nan, don haka wanda ya sayi gam mai tsada alhali ruwan indararo ne ke masa ɓarna, kuɗinsa kawai ya zubar. A ganina aikin da ba a gani, wato hanyar ruwa da daɓen ƙasa da ginin gefe, shi ne yake riƙe tsakuwa a mafi yawan gidaje, sauran dabarun kuwa na wasu keɓaɓɓun wurare ne.

Zaɓin farko ana yin sa ne tun kafin tifa ta shigo unguwa. Tsakuwar gulbi, wadda ruwa ya goge ta zama mulmulalliya, ita ce ta fi kyan gani da daɗin takawa ko ba takalmi, kuma ita ce ta fi saurin bajewa, domin ƙwayoyinta ba su da kusurwar da za su riƙe juna da ita. Fasasshen dutse na inji yana da kaifi da kusurwoyi, idan nauyi ya hau kansa ƙwayoyin sukan cije juna su zauna. Saboda haka duk inda za a riƙa bi da ƙafa ko da babur, fasasshen dutse ya fi dacewa, a bar mulmulalliyar ga kewayen shuka da lungunan da ido ne kawai ke zuwa. Girman ma yana da tasiri. Daga rabin inci zuwa wadda magina ke kira tiri-kwata, wato kimanin milimita 12 zuwa 20, ita ce matsakaiciyar da ba ta wahalar da mai tafiya kuma ba ta bin tsintsiya cikin sauƙi. Wadda ta fi haka ƙanƙanta sosai tana maƙalewa a tafin takalmi da zanen taya, ta bi mutum har cikin ɗaki ta karce tayil. Wadda ta wuce inci ɗaya kuwa ba ta motsi sosai, amma tana gurɗa ƙafar tsofaffi, kuma ramukan da ke tsakaninta na iya zama maɓoyar kunama.

Inda mutum yake zaune yana shiga lissafin nan. Gusau da Bunguɗu da Tsafe suna kan dutse mai tauri, wanda duk ya ga Dutsen Kwatarkwashi a kan hanyar Funtuwa ba ya buƙatar ƙarin bayani, haka ma yankin Zuru da Yawuri a kudancin Kebbi. Birnin Kebbi da Argungu da Jega kuwa ƙasarsu rairayi ce da laka da marmara, don haka fasasshen dutse mai tauri daga nesa ake ɗauko shi, kuma kuɗin mota yakan hau kan farashinsa. Wannan yakan sa wasu su koma ga tsakuwar marmara, irin ta hanyar burji, wadda ta fi araha kuma jan launinta yana da kyau a gefen koren ganye. Sai dai tana marmashewa a ƙarƙashin taya, tana zama jan gari, kuma idan ruwa ya fantsama yakan rina ƙasan bango. Babban amfaninta shi ne a yi gado da ita a ƙarƙashi, a rufa da wani dutsen a sama.

Akwai gargaɗi guda da ya shafi Zamfara musamman. Kada kyan farin dutse mai ƙyalli ya ja mutum ya karɓi fasasshen dutse ko garin da ya fito daga wuraren haƙar zinare, ko da kyauta ne. A shekarar 2010 gubar dalma da ke cikin irin wannan dutse, wanda ake daka shi ana niƙa shi a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, kuma daga baya aka sha aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa a Bagega. Ido ba ya rarrabe dutse mai dalma da marar ita a cikin tulin tsakuwa, don haka a tambayi mai tifa daga inda ya ɗebo, kuma a saya daga wurin da aka sani ana fasa dutsen gini.

Kaurin zubi shi ne kuskuren da masu hali suka fi yi, domin suna zaton yawan tsakuwa shi zai sa ta daɗe. Santimita 4 zuwa 5 ya wadatar. Idan ta kai santimita 10, ƙafa tana nutsewa, tayar babur tana yawo, kuma kowane taku yana tura ƙwayoyi gefe. Lissafin ba wuya: fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 4 yana da murabba'in mita 40, kuma a kaurin santimita 5 yana cin kubik mita 2 na tsakuwa, wato kimanin tan 3 na dutse. Da yake girman tifa ba ɗaya ba ne, ya fi kyau a yi ciniki da awo a hannu fiye da a ce kawai a kawo tifa ɗaya.

Ruwa ne babban mai ɓarna, kuma babu dabarar da ke tsayawa a gabansa idan ba a yi masa hanya ba. Mafi yawan ruwan shekara a wannan yanki yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba, sau da yawa da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan murabba'in mita ɗaya, ke nan rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana zubo lita 3,000 idan aka yi ruwan milimita 30, kuma duk wannan a 'yar siririyar hanya yake faɗowa a bakin kwano ko ta indararo. Wanda yake son ganin abin da zai faru da tsakuwarsa ya fita tsakar gida da an ɗauke ruwa. Zai ga jerin 'yan ramuka a ƙasa daidai layin bakin kwano, zai ga inda rairayi ya kwanta lumui, zai ga inda karare da ledoji da busassun ganyaye suka taru suka yi layi. Wannan layin shi ne hanyar da ruwa ya zaɓa, kuma nan tsakuwar za ta bi. Maganinsa shi ne a tare ruwan rufi da magudanar kwano a sauke shi ta bututu zuwa tanki ko kai tsaye zuwa kwata, a zuba kankare ko a jera manyan duwatsu a inda yake faɗowa, sannan a karkatar da filin kaɗan, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, ya bar jikin gini ya nufi rariya. Idan gangaren gidan ya wuce kamar santimita 5 a kowace mita, sakakkiyar tsakuwa za ta riƙa sauka a hankali ko ba ruwa, don haka gara a raba filin hawa-hawa, kowane hawa da ginin da ya tokare shi.

Daga nan sai nutsewa. Maganinta tsoho ne a ƙasar Hausa, domin matan da suke taruwa su yi daɓen ɗaki da tsakuwa da ruwan makuba, suna bugu da madaɓi har ƙasa ta yi tauri, abin da ake nema a nan suke yi. A haƙe santimita 12 zuwa 15, a tsince saiwoyi, a zuba marmara santimita 7 zuwa 10, a yayyafa ruwa ta yi danshi ba ta yi caɓi ba, a daɓe ta da inji idan an samu haya, ko da abin bugu na hannu. Gara a zuba ta sau biyu ana daɓe kowane zubi, domin bugun hannu ba ya ratsa zubi mai kauri. Gwajinsa shi ne a taka da dunduniya da ƙarfi. Idan sawu ya fito, aiki bai ƙare ba. Gidan da ke kan jigawa ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, amma rairayi yana haɗiye tsakuwa. Gidan da ke kusa da fadama, kamar wasu unguwannin da ke gangaren gulbi a Argungu da Birnin Kebbi, lakarsa tana kumbura da damina ta tsage da rani, don haka ya fi buƙatar gado mai kauri.

Tsakanin gadon da tsakuwar ake sa shimfiɗa, kuma a nan mutane suke zaɓa tsakanin leda da tsofaffin buhuna da yadin roba da aka yi domin wannan aiki. Leda ita ce mafi muni. Ba ta barin ruwa ya wuce, sai ya kwanta a kanta ya tara sauro, tsakuwa tana zamewa a kan santsinta, kuma idan ta yage sai baƙaƙen tsummokaranta su riƙa fitowa tsakanin duwatsu. Buhun taki ko na shinkafa yana barin ruwa ya ɗan wuce, kuma a ƙaramin fili zai yi aiki na ɗan lokaci, amma duk gefen da rana ta taɓa yana zama gari. Yadin da aka yi domin aikin, musamman mai kama da bargo wanda ba saƙa ba, yana wuce ruwa kuma yana raba dutse da ƙasa shekaru masu yawa muddin yana rufe. A ɗora bakin wani a kan wani da santimita 10 zuwa 15, a kafe shi da lanƙwasasshiyar waya. Abin da bai kamata a sa rai da shi ba shi ne hana ciyawa gaba ɗaya. Ƙurar hunturu tana cika tsakanin ƙwayoyin kowace shekara, iska tana kawo irin ƙarangiya da tsidau, su tsiro a saman yadin, aya-aya kuwa daga ƙasa take huda shi ta fito idan ba a tone 'ya'yanta ba tun farko. Ribar dai ita ce ciyawar da ta tsiro a sama saiwarta ba ta nisa, da hannu ake cire ta. A kewayen bishiya a bar fili kamar tafi biyu ba yadi ba dutse, domin a samu inda za a zuba taki kuma zafin dutse kada ya ƙona gindinta.

Ginin gefe ne ya fi cancantar a kashe masa kuɗi, domin shi kaɗai ne yake aiki a kowane irin fili. Bulo mai inci 6 shi ne mafi sauƙin samu, kowane magini ya iya jera shi, kuma ana iya yi masa shafe da fenti ya dace da katangar gida. Rauninsa shi ne yana zaune cikin danshi duk damina, kuma bulon da aka yi wa rowar siminti yana ruɓewa daga ƙasa. Magini yakan ce, "Alhaji, ai ba gini ba ne, a jera shi a kan ƙasa kawai a shafe." Kada a yarda. A haƙa masa ɗan rami, a zuba kankare kamar santimita 7 a ƙarƙashi, a cika ramukan bulon, a tokare bayansa da kwaɓi, kuma a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, musamman a lokacin iskar hunturu da take busar da siminti kafin ya kama. Dogayen kankaren gefen hanya da masu buga intalok suke yi sun fi bulo ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma su ne suka dace da inda tayar mota za ta riƙa gogawa, amma suna da nauyi, kuma ba sa lanƙwasa, don haka mai son fangali mai zagaye zai sha wahala da su. Jan bulo na ƙonawa yana jure danshi, kuma da yake ƙarami ne yana bin lanƙwasa da kyau. Wanda yake Gusau ko Zuru yana da wata dama kuma, ya jera fasassun duwatsu masu girman kai a binne rabinsu, a liƙe tsakaninsu da siminti. Wannan ya fi kowanne dacewa da tsakuwa a ido, ko da yake yana cin lokacin magini.

Sauran kayan gefe ba sai an daɗe a kansu ba. Katako abincin gara ne. Siririn gefen roba rana tana busar da shi ya karye, kuma ƙasa mai tsagewa tana tura shi sama. Falankin ƙarfe yana ba da layi mai tsabta kuma yana bin kowace lanƙwasa, amma yana tsatsa, yana zafi da rana, kuma bakinsa yana yanka ƙafar yaro sai idan mai walda ya naɗe shi. Kwalabe da aka kifa a ƙasa suna fashewa, kuma a gidan da ake yawo ba takalmi wannan kaɗai ya isa dalilin barinsu.

Ko da wanne aka yi, abu biyu ne ke sa gefe ya yi aiki. Na farko ya ɗara saman tsakuwar da santimita 3 zuwa 5. Idan ya yi daidai da ita tsallakewa za ta yi, idan ya yi tsawo da yawa tuntuɓe za a riƙa yi da shi da dare. Na biyu a bar wa ruwa mafita a gefen da ya fi gangare, 'yan ƙofofi ƙanana da aka toshe da ragar waya, domin gefen da aka rufe ruf yana mayar da fili kududdufi. A bakin get da bakin ƙofar ɗaki kuma a yi dandamalin siminti ko intalok mai faɗin kamar mita ɗaya, inda tsakuwar da ta maƙale a taya ko takalmi za ta faɗi a share ta a mayar.

Ragar roba mai gidaje irin na saƙar zuma dabara ce ta daban. Ana shimfiɗa ta a kan daɓaɓɓen gado, zurfin gidajenta yawanci santimita 3 zuwa 4 ne, a cika su da tsakuwa, a ƙara santimita 1 zuwa 2 a sama domin a ɓoye ta. Kowane gida yana riƙe da 'yan ƙwayoyinsa, don haka taya ba ta iya tura su ta yi kwari, kuma keken guragu da baro suna wucewa ba tare da nutsewa ba. A wurin ajiye mota da kuma matsakaicin gangare babu abin da ya kai ta idan ana son ruwa ya ci gaba da shiga ƙasa. Amma tana da sharuɗɗa. Gadon dole ya zama shafaffe mai tauri, in ba haka ba ragar tana lotsawa ta karye. Tsakuwar da ta wuce milimita 20 ba ta zama da kyau a cikin gidajen. Zubin saman da ya rufe ta yana nan yana motsi, kuma duk inda ya janye rana za ta ci robar, don haka sai an riƙa jawo shi da manjagara. Ba kasafai ake samun ta a shagon kayan gini na unguwa ba, sau da yawa sai an yi oda daga manyan birane ko ta intanet, kuma kuɗinta a babban fili yakan kusanci na intalok. Wanda bai same ta ba yana da mafita biyu da maginin gida zai iya yi: ya zuba layi biyu na kankare ko intalok daidai inda tayoyi ke bi, a cika tsakiya da gefe da tsakuwa, ko kuma ya raba filin gida-gida da layukan bulo, kowane gida kamar mita 2, ta yadda ko tsakuwar ta motsa ba za ta wuce gidanta ba. Ni na fi karkata ga layi biyun nan a gida mai mota ɗaya, domin gyaransu ba ya jiran kaya daga wani gari.

Gam shi ne abin da hotunan intanet suka fi kwaɗaitar da mutane da shi, kuma iri biyu ne da bai kamata a gauraya su ba. Akwai na fesawa, wanda ake tsarma shi da ruwa a fesa a kan tsakuwar da aka riga aka zuba. Saman kawai yake kamawa, ba ya jure taku, kuma ana sake fesa shi lokaci-lokaci. Amfaninsa a kewayen furanni ne inda ake so a share ganye ba tare da dutse ya biyo ba. Akwai kuma na kwaɓawa, wanda ake haɗa sinadarai biyu masu ruwa-ruwa a juya su da wankakkiyar tsakuwa busasshiya, a shafe a kaurin santimita 1.5 zuwa 2 a kan kankare ko wani gado mai tauri. Wannan yana ba da fili mai ƙarfi da ruwa ke ratsawa, ba ƙwaya ɗaya da ke motsi, kuma yana da kyau ƙwarai idan gwani ya yi shi. Yanayinmu ne ba ya yi masa adalci. Danshi a jikin dutse yana sa shi kumfa ko ya yi fari-fari, ke nan damina ta fita. Ƙura tana hana shi kama dutse kuma tana manne wa samansa kafin ya bushe, ke nan tsakiyar hunturu ta fita. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yana daskarewa da sauri kafin mai shafe ya gama daidaita shi. Abin da ya rage shi ne 'yan makonnin kaka bayan ɗaukewar ruwa. Bayan haka, irin da ba a yi shi domin jure hasken rana ba yana rikiɗa ya yi rawaya, abin da ya fi fitowa fili a kan farin dutse, kuma ƙurar shekara da shekaru tana toshe ƙofofin da ruwa ke bi sai an riƙa wankewa. Masu neman sauƙi kan yi tunanin tsarma farin gam na kafinta su fesa, amma wannan yana laushi da ya sha ruwa; araha ba ta ado.

Siminti yana yin abin da gam ke yi da kayan da kowa ya sani. Ana zuba kankare, a danna tsakuwar ado a samansa tun yana ɗanye, ko a kwaɓa ta a ciki a wanke saman da ruwa da burushi kafin ya gama kamawa domin duwatsun su fito. Ana share shi, ana wanke shi, kaza ba ta iya tona shi. Abin da ake rasawa shi ne ruwa ba ya shiga ƙasa, duk sai ya bi rariya, filin yana riƙe zafi har bayan magariba, yana tsagewa idan ba a yanka masa layin rabuwa kowace mita 2 zuwa 3 ba, saiwar dogon yaro tana ɗaga shi, kuma ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashinsa sai an sa diga. Saboda haka wurinsa shi ne inda ruwa ke zuba kullum: gindin famfo, wurin alwala, wurin wanki, ƙarƙashin bakin kwano. Barbaɗa busasshen siminti a kan tsakuwa a yayyafa ruwa kuwa ɓata kaya ne, domin yana rufe launin dutsen da toka-toka, ɓawon da ya yi kuma yana farfashewa a takun farko.

Yadda ake zama a gidan yana iya rushe duk wannan lissafi. Gidan da ake sakin kaji, sakakkiyar tsakuwa ƙarama ba za ta zauna ba ko da wane irin gefe, domin kaza tana tsayawa ne a tsakiya ta watsa ta baya da ƙafa biyu tana neman ƙwari, har ta kai ga yadin ta yage shi. Sai dai a killace kajin, ko a yi amfani da dutse mai girma, ko a kama shi da siminti. Ƙarƙashin dogon yaro da mangwaro ma wuri ne mai wahala, domin ganye yana zuba kusan kullum a lokacinsa, mai shara kuma da tsintsiya za ta bi shi, kowace safiya 'yan ƙwayoyi suna tafiya bola tare da shara. A irin wannan wuri gara a bar daɓe ko intalok, dama nan ne ake shimfiɗa tabarma. Inda akwai yara masu rarrafe, ƙaramar tsakuwa tana shiga baki da hanci, don haka a nisanta ta da tsakar gida inda suke wuni, a bar ta a harabar waje. Launi ma abin dubawa ne: baƙin dutse yana ƙona ƙafa da azahar, fari yana kashe ido kuma ƙura da jar ƙasa suna dusashe shi cikin shekara guda, mai ruwan toka ko ruwan ƙasa shi ya fi ɓoye datti.

Idan aka dubi kuɗi da daɗewa tare, ɗan haya da zai iya tashi bayan shekara biyu ba shi da dalilin wuce yadi da jeren bulo ko duwatsu ba tare da siminti ba, tunda duk zai iya kwashe su ya tafi da su. Mai gidan kansa da ke son fangali da 'yar hanyar ƙafa, fasasshen dutse a kan daɓaɓɓiyar marmara da yadi da ginannen gefe sun ishe shi, kuma idan ya jera fale-falen kankare a tsakiyar hanyar, tazarar taku ɗaya tsakaninsu, ƙafa za ta daina taɓa tsakuwar kusan gaba ɗaya. Raga ko layin taya sai inda mota ke juyawa. Gam na kwaɓawa sai ga mai hali da ya samu wanda ya taɓa yin aikin, kuma ya je ya ga wanda aka yi ya shekara a rana, ba sabo ba.

Lokacin aikin haƙa da daɓe da ya fi dacewa shi ne daga Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ƙasa take da sauran danshi, alamun hanyar ruwa ba su goge ba, kuma akwai watanni a gaba da gado zai zauna kafin ruwan farko. Gyaran shekara kuwa a yi shi a ƙarshen bazara: a ja tsakuwar da manjagara daga gefe zuwa tsakiya, a tankaɗe wuraren da ƙura ta cika da rariyar waya irin ta masu tace yashi, a buɗe ƙofofin ruwa, a cike inda ya yi sanƙo. Domin wannan cikon ne ya kamata tun ranar saye a ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a kan lissafi, a ɗura a buhuna a ajiye a lungu, saboda dutsen da za a kawo baɗi daga wani ramin ba lallai launinsa da girmansa su zo ɗaya da na bana ba.